Ƙullin Ƙarshe na Malama Husaina

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na 2003, wadda ta zo daidai da takwas ga Muharram, ina cikin aji huɗu a makarantarmu ta Tarauni ina rubutu a allo, sai ga Nafisa, 'yar Malama Husaina, a bakin taga. Ba ta yi sallama ba. Da na dubi idanunta ban tambaye ta komai ba, na ajiye alli. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Allah Ya karɓi ran Malama Husaina Inuwa da hantsin wannan rana, bayan jinyar kwana uku a asibiti, tana da shekara sittin da ɗaya. Aka yi mata sutura bayan azahar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Tarauni.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Yaya Husaina, matan ajinki sun matsa mini in rubuta wani abu, wai ni, Binta, na fi kowa daɗewa a gefenki. Ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na gaji, Yaya Husaina, irin gajiyar da barci ba ya magani. Ga zafin bazara, ga motocin 'yan siyasa suna zagaye unguwar Gyadi-Gyadi da lasifika tun safe har magariba, kowa yana rantsuwa shi ne zai share mana hawaye. Kuma akwai abin da ya fi waɗannan duka nauyi a kaina. In zan faɗi alherinki bisa gaskiya, dole in faɗi abin kunyata, domin wuri ɗaya suke zaune. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗa.

Shekara talatin da 'yan kai kika yi kina koyarwa a firamare. A hannunki na koyi riƙe aji tun ina sabuwar malama mai rawar murya. Kin yi ritaya da ciwon gwiwa da hawan jini, kowa ya zaci za ki zauna ki huta da jikoki. A shekarar 1999, da sojoji suka koma bariki, gari ya cika da buri, kowa yana jiran a kawo masa rabonsa har gida. Ke ba ki jira kowa ba. Kika ce wa maigidanki, Malam Mu'azu, tsohon direba, ya kwashe tsofaffin tayoyinsa daga rumfar kwanon da ke tsakar gida. Sannan kika aika aka kira ni, kika ce, "Binta, ƙafata ba ta tsayuwa. Ke za ki tsaya mini a gaban allo, ni in zauna da baki." Haka ajin manya ya fara: Litinin, Laraba da Asabar, daga ƙarfe biyu zuwa kiran la'asar.

Da sandarki kika bi gida gida kina kiran matan da ba wanda yake kira zuwa komai sai aiki. Masu wankau, masu dakau, masu aikatau a gidajen unguwar Daurawa, matan leburori da 'yan acaɓa da suka taso daga ƙauye ba su san kowa a birni ba, zawarawan da ke zaune a ɗakin haya su kaɗai. Har da Iya Ope, Bayarabiya mai sayar da burodi a Unguwa Uku, wadda saboda zuwanta coci kika hana mu sa aji ranar Lahadi. Mata ashirin da uku muka fara da su. Na ɗauko littafin da na sani, na fara musu a, ba, ca, kamar yadda nake yi wa yaran aji ɗaya. Kafin mako biyu saura tara. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gudu ta ce miki, "Malama, abin da ake koya wa jikata ke nan. Rannan ta ji ina bita, har da faɗuwa don dariya." Ni na ce dama ba niyya suka yi ba. Ke kuwa kika kwana biyu kina juya maganar.

Ranar Asabar muka zo muka tarar kin kife turmi a tsakiyar rumfa. Kika ce daga yau babu littafi. Kullum mace ɗaya za ta hau turmin nan ta ba mu labari, tatsuniya ko abin da ya taɓa samunta, kuma ba mai katse ta ko da kuwa ƙarya take shararawa. In ta gama, za ki zaɓi kalma uku daga bakinta, ni in rubuta su a allo da sunanta a sama, su ne karatun ranar. Layi zai riƙa zagayawa, ba a tsallake kowa.

Aka ce Goggo Abu, mai dakau daga Ƙauyen Alu, ta fara, tunda ta girme mu duka. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Tatsuniya da rana tsaka? So kuke in ɓata a hanyar gida?" Ni kuwa, da takardar shaidar malantata a ka, na gyara tsayuwa na fara wa'azi a kan camfi. Kika ɗaga mini hannu. Kika ce, "Goggo, a garinku in dole ta kama, yaya ake yi?" Ta ce sai an yi ƙulli a bakin mayafin mai ba da labari, in ta gama a kwance, kuma mutum ba ya ƙulla wa kansa, na kusa da shi ne yake ƙulla masa. Kika miƙa hannu kika ƙulla mata. Goggo Abu ta hau turmi, ta buɗe baki, ba ta rufe ba sai da aka kira salla. Kalmominta uku na ranar, ban manta ba: rijiya, guga, kura.

Da aka watse na yi miki ƙorafi. Kika yi dariya kika ce, "Ni ma na san camfi ne, Binta. Ba a tofa komai a ciki, ba a roƙon kowa da shi. Yaranki na firamare hannu suke ɗagawa in za su yi magana, waɗannan ƙulli suke yi. Bar su." Na bar su, ba don na yarda ba. Ƙullin nan ya zama dokar aji, ko labarin haihuwa za a bayar sai an yi shi. Kafin wata biyu mata suka koma talatin da ɗaya, tabarmi suka yi kaɗan. Macen da ba ta taɓa magana a gaban mutum uku ba, sai ga ta a kan turmi tana kwaikwayon muryar mai gidan haya, ana ta shewa. In ta ga kalmar bakinta a allo, ƙarƙashin sunanta, ba ta mantawa da haruffan.

Ba kowa ya ga haka ba. A unguwa aka sa miki suna Inna Tatsuniya, ba don yabo ba. Wani jami'i ya zo daga wani ofis da jakarsa, ya tsaya a bakin rumfa ya ji minti biyar, ya ce wannan hira ce, ba ta cikin manhaja, ba zai rubuta mu a jerin azuzuwan yaƙi da jahilci ba. Wani ɗan siyasa da ya ci zaɓe ya zo da mai hoto, ya ɗau hoto da mata, ya yi alkawarin benci goma da sabon allo. Kusan shekara huɗu ke nan. Makon jiya na ga an manna hotonsa a bangon gidanki, yana neman a sake zaɓensa, kuma har yau a tabarma muke. Duk lokacin da na tayar da maganar nan da zafi, sai ki ce, "Binta, tabarma ba ta hana rubutu. Miƙo allin."

Ba zan ƙirga alherinki ba, don ba zan iya ba. Iya Ope ta ce in rubuta cewa lokacin da gari ya rikice, kwana uku ta yi a ɗakinki ita da 'ya'yanta biyu, Malam Mu'azu yana zaune a ƙofar gida da carbinsa. Ta ce in ƙara da cewa ke ce mutum ta farko da ba ta gyara mata Hausa tana tsakiyar magana ba. Wata ta ce in rubuta cewa ta karanta sunan maganin ɗanta da kanta a kemis, ta gane an ba ta ba daidai ba. Na rubuta. Amma labarin da ya hana ni sukuni na Asabe ne.

Asabe gawayi take sayarwa a jikin bangon gidanki, ta waje, daidai bayan rumfa. Kuturta ta taɓa kama ta tun tana ƙauyensu, ta tafi da yatsun hannunta biyu duka, ta bar mata dungu. Ta zaɓi gawayi ne don shi kaɗai mutane za su saya a hannunta, tunda ba a baki ake sawa ba. Mun yi wata huɗu ba mu san tana sauraronmu ba. Dariya ce ta tona ta. Ranar nan Iya Ope tana ba da labarin yadda akuya ta cinye mata burodi goma sha biyu, sai muka ji wata ta tuntsire da dariya a bayan bango. Kika ɗauki sandarki kika fita. Kika dawo da ita a bayanki, tana sunkuyar da kai, hannayenta a ɓoye cikin mayafi.

Ranar mata bakwai suka ɗauki takalmansu suka fita, huɗu ba su sake dawowa ba. Waɗanda suka zauna suka ja tabarmi baya. Asabe ba ta jira an gaya mata ba, ta shimfiɗa buhun gawayinta a bakin ƙofar rumfa, nan kusa da inda nake tsayawa da allo, ta zauna a kai. Can ya zama wurinta. Ta zo da kofinta na shan ruwa. Ba ta taɓa randa, sai a zuba mata daga sama.

Layi ya yi ta zagayawa har ya zo kanta. Na san duk ajin sun yi ta addu'a a ransu ki tsallake ta, ni ma na yi. Ba ki tsallake ba. Kika ce, "Yau ranar Asabe ce. Wa ke kusa da ita? A ƙulla mata."

Ni ce kusa da ita, Yaya Husaina. Taku biyu ne tsakaninmu. Ta fito da bakin mayafinta tsakanin dungun hannayenta, ta ɗan miƙo, idonta a ƙasa. Kika dube ni. Ni malama ce, na karanta a littafi, na koya wa yara a aji cewa wanda ya sha maganin cutar nan ya gama ba ya sa wa kowa. Na san wannan sarai. Amma jikina ya ƙi. Na dubi tafin hannuna na ce, "Malama, hannuna duk alli ne, zan ɓata mata mayafi." Mayafin mai gawayi! Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kika ɗauke idonki daga kaina. Kika dafa sanda kika miƙe, gwiwar nan tana ƙara, kika ratsa tabarmi, kika zauna a kan buhun gawayin, kafaɗa da kafaɗa da ita. Kika ce, "To, yanzu ni ce kusa." Kika ƙulla.

Asabe ba ta yarda ta hau turmi ba, ta ce abin daka abinci ne. Daga kan buhu ta yi magana. Ta ce ita ba ta da tatsuniya, sai takarda. Ta ciro wata leda daga ƙugunta da haƙori, a ciki akwai kati da ya yi laushi don tsufa. Ta ce shekara tara da suka wuce aka ba ta shi a asibiti ranar da aka sallame ta. Ta koma gida da shi, ba wanda ya yarda ya karɓa ya duba. Mijinta ya riga ya sake ta, 'yarta tilo an hana ta zuwa kusa da ita, aka yi mata bukka a bayan gari. Da ta gaji ta hau mota ta zo Kano. Ta ce, "An gaya mini abin da ke ciki da baki. Amma baki iska ne. Ina so wata rana in gani da idona." Kika karɓi katin da hannunki, kika sa tabarau, kika karanta, da Turanci yake. Kika juyo kika ce mini kalmomin yau uku ne, kuma a jere za a rubuta su. Na rubuta da manyan baƙaƙe: ASABE TA WARKE. Kika sa aji duka suka maimaita sau goma. Suka maimaita da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ba wadda ta matso da tabarmarta.

Ba zan ƙawata abin ba, domin ke ba kya son ƙawa. Ba a rana ɗaya aka canza ba, kuma ba a canza duka ba. Sai da aka shekara kafin ta bar bakin ƙofa ta hau gefen tabarma. Sai da aka shekara biyu kafin Goggo Abu ta fara tsokanarta, tana ce mata hajiyar gawayi, ita kuma tana ramawa. Ke kika yanko robar tayar Malam Mu'azu kika ɗaura mata fensir a dungun hannun dama, kuka yi ta fama har ta iya jan layi. Ranar da ta rubuta sunanta, haruffa biyar da suka cinye shafi guda, kin yi kuka a gaban kowa. Labaranta suka fi na kowa daɗi, a ranarta rumfa ba ta ɗaukar mutane. Ana dariya da ita, ana yi mata barka da salla, ana sayen gawayinta. Amma ƙulli, a shekara uku da rabi, ba hannun da ya taɓa bakin mayafinta sai naki. Duk ranar da layi ya zo kanta, kowa sai ta sami abin yi da hannunta. Ke kuma ki tashi da gwiwar nan ki je. Ni kuwa ina isowa nake damƙar alli in murza a tafina, tun kafin a fara. Na zaci ba wanda ya lura.

Sau ɗaya na ce miki, don in rufe kunyata, me zai hana a soke dokar ƙullin nan kowa ya huta. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "In na soke, Asabe za ta san don ita aka soke. Ina nan ina jira. Wata rana wata za ta riga ni tashi." Na ce Allah Ya sa. Ban riga ki ba.

Ranar Asabar, takwas ga wata, layi ya sake zuwa kanta. Kin fito daga ɗaki fuskarki a kumbure, na ce ki koma ki kwanta, kika ce ranar Asabe ce. Kika zauna kusa da ita kika ƙulla, a hankali. Ta fara ba mu labarin yadda ta rubuta wa 'yarta wasiƙa da hannunta, layi huɗu, ta ba wani direban garinsu. Tana daidai wurin da direban ya dawo, sai muka ga kin jingina da ginshiƙin rumfa, bakinki ya karkace. Aka yi salati, aka watse, aka nemo mota. Ba wanda ya tuna da labari, ba wanda ya tuna da ƙulli.

Ranar sadakar uku gida ya cika maƙil da mata. Na duba ban ga Asabe ba. Da na fito raka baƙi, na gan ta a wurinta na da, a jikin bango ta waje, ba gawayi a gabanta, tana zaune a ƙasa. Na ce ta shigo. Ta girgiza kai, ta ce ana cin abinci a ciki, kada ta hana mutane sakewa. Sai na ga bakin mayafinta. Ƙullin yana nan, ta riƙe shi tsakanin hannayenta a kan cinya. Ta ce, "Ban kwance ba, Malama Binta. Shi ne na ƙarshe. In na kwance, wa zai sake ƙulla mini?" Ba ta dube ni ba da ta faɗa, kuma ba da gori ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Na ce Allah Ya ba mu haƙuri, na koma ciki. Abin da na iya ke nan.

Bayan sadakar bakwai Malam Mu'azu ya kira ni zaure. Ya ce rumfa tamu ce muddin yana raye, tayoyinsa ba za su koma ba. Na yi godiya, amma a raina na riga na yanke shawarar rufe ajin. Ina da aji huɗu da yara saba'in da safe, ina da gida, ina da nawa ciwon bayan, kuma ba ni da bakinki. Na ce zan je sau ɗaya in sallami mata da mutunci.

Jiya Asabar na je. Mata ashirin da shida na tarar, sun share rumfa, sun kife turmi. Wurinki ba wadda ta zauna. Kafin in buɗe baki Goggo Abu ta ce, "Layin Asabe ne, ba ta gama ba. Ba a ɗora sabon labari a kan wanda ba a kwance ba." Aka duba, babu Asabe. Kowa ta san dalili, kowa tana kallon tabarma. Allin yana hannuna, na ga har na fara murza shi ban sani ba. Na ajiye. Na je bakin randa na wanke hannuna, na goge da zanena, na fita.

Tana bayan bango, ta kasa gawayi. Na tsuguna na ce ana jiranta ta ƙarasa. Ta ce, "In na ƙarasa sai a kwance. Ku yi karatunku, ina ji daga nan, dama daga nan na fara."  Na zauna a kan buhun. Ba zan ɓoye ba, tsohon ƙyanƙyamin nan bai mutu ba, yana nan. Na kamo ɗaya bakin mayafin, wanda ba komai a jikinsa, na ƙulla. Na ce, "Na Malama ki bar shi yadda yake. Wannan nawa ne, shi za mu riƙa kwancewa."

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Sannan ta ɗago ta dubi hannuna, ta ce, "Malama Binta, yau babu alli?"

Ashe ta sani. Shekara uku da rabi ta sani, tana gaishe ni da fara'a, tana ƙara mini gawayi a kan na kuɗina. Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke, a nan na yi shi, a bakin titi, motar 'yan siyasa tana wucewa da kiɗa. Ita ce ta riƙa ba ni haƙuri, tana bubbuga bayana da dungun hannunta.

Muka shiga tare. Ta ƙarasa labarin: direban ya dawo da amsa, 'yarta ta sa an rubuta mata cewa za ta zo bayan an sha ruwan farko, da jika a goye. Kalmomin da na rubuta a allo su ne wasiƙa, jika, damina. Da ta gama na kwance nawa, naki yana nan. Ban sallami kowa ba. Gobe Litinin akwai aji. Ban ce gajiyar ta tafi ba, kuma ban san ko wata za ta riga ni tashi in layi ya sake zagayowa ba. Zan jira, kamar yadda kika jira ni.

Ya Allah, ga baiwarKa Husaina ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Duk harafin da wata baiwarKa ta karanta ko ta rubuta ta dalilinta, Ka sa shi a mizaninta. Yadda ta tashi da ciwon gwiwa ta zauna kusa da wadda kowa ya guda, Ka zaunar da ita kusa da bayinKa na gari a Aljanna Firdausi. Mu kuma da muka yi nauyin tashi, Ka yafe mana, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta matan ajin rumfa baki ɗaya, ga Malam Mu'azu, da 'ya'yanta Faruk da Nafisa da Sadiq, da jikokinta, da ɗan tagwaicinta Alhaji Hassan Inuwa na Daurawa, wanda suka zo duniya rana ɗaya ta riga shi komawa. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayanta. Iya Ope ta ce a sa sunanta, Goggo Abu ta ce a sa nata. Asabe ta ce kada a rubuta mata, za ta kawo wa Malam nata a takarda da hannunta.

Ki yafe mini, Yaya Husaina. Ƙullina bai kai naki ƙarfi ba, sau biyu yana warwarewa jiya kafin ta gama labari. Na sake ƙullawa.